Ƙanwata ta yi aure Ingila, kullum kuka take a waya: mu ɗauko ta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Hajiya. Daga wani ƙauye nake rubuto miki a yankin Taura, jihar Jigawa. Ƙanwata aka ɗaura wa aure da wani ɗan'uwanmu da ke karatun digiri na uku a Bradford, ƙasar Ingila. Ta tare a watan Oktoba, yau wata biyar. Kafin ta tafi tana koyarwa a firamaren garinmu, tana da NCE, ga ɗinkin hula, ga kiwo. Yanzu a zaune take, ta nemi aiki har ta gaji. Kullum sai ta kira tana kuka, ta rame, ta ce ita dai gida. Mijin ba ya cutar da ita, amma da safe zai fita sai dare. Inna ta ce jifa ne, a dawo mata da 'yarta. Baba ya ce aure ɗan haƙuri ne. 'Yan gari kuma cewa suke butulci ne, wa ya samu Turai yake kuka? Ni aka sa a tsakiya. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Sannu da ɗawainiya, na tsakiya shi ke shan matsa. Na yi shekara ashirin da ɗoriya ina jinyar masu lalurar ƙwaƙwalwa kafin in ajiye aiki in dawo ƙauyenmu, kuma tun kafin nan na yi zaman shekara huɗu a arewacin Ingila lokacin da maigidana, Allah ya jiƙansa, ya je karatu. Kukan ƙanwarki ba baƙo ba ne a kunnena. Na ji shi a bakin mata da yawa, na kuma yi shi da kaina a banɗaki, na kunna famfo don kada maigida ya jiyo.

Kada a ɗauko ta yanzu, kada kuma a bar ta da kalmar haƙuri ita kaɗai. Ku da kuke kusa da fadama kun san dashe. Ko tumatir ne ko shinkafa, sai ya yi yaushi kafin ya kama. Wanda ya ga yaushin ya tumɓuke shi ya wahalar da shi sau biyu, wanda kuma ya ce zai kama da kansa ya hana shi ruwa, ya kashe shi. Inna tana so ta tumɓuke, Baba ya manta da ban ruwa.

Ki tuna yadda ake kai amarya a garinku. Ko daga Taura zuwa Gujungu aka kai yarinya sai ta yi kuka, kuma mutanen da sun san da haka, shi ya sa ba su taɓa barin ta ita kaɗai ba. Gwaggonni su raka ta, ƙawaye su taya ta kwana, a bar mata 'yar zaman ɗaki, a kai gara. Matan dangin miji su taru buɗar kai. Maƙwabciya ta shigo aron maburgi, ba don ba ta da shi ba, don dai ta ja amarya da hira. Kafin wata uku ta san gidan da za ta je barka da gidan da za ta je gaisuwa, an sa ta a adashi, in ciki ya tsufa ta tafi goyon ciki. Duk wannan maganin kewa ne kakanninmu suka haɗa, ba su dai kira shi magani ba. Ƙanwarki kuwa an ɗauki auren an kai Ingila, an bar kayan haɗinsa a Taura.

Akwai kuma abin da nake jin ya fi ci mata tuwo a ƙwarya, ko da ba ta faɗa ba. A gida ita Malama ce. In ta fito da safe yara su rugo su karɓi jakarta, tsohuwa ta kawo mata takardar asibiti ta karanta mata, ranar Lahadi a tafi mata da huluna kasuwar Gujungu a dawo mata da kuɗi. Tunkiyarta in ta haihu tata ce. In biki ya tashi tana da gudummawar da za ta kai ba tare da ta roƙi kowa ba. Yau ko kuɗin mota sai ta jira miji ya dawo. In ta ce miki "ni dai gida", rabin maganar Inna take nufi da ku, ɗaya rabin kuwa kanta take kewa, waccan Malamar da ake sallama a ƙofar gida dominta. Shi ya sa ni ba na raba kewar gidan da rashin aikin. Ciwo ɗaya ne, kuma tare ake maganinsu.

Ga shi an kai ta a mafi munin lokaci. A Lahadin ƙarshe ta Oktoba suke mai da agogo baya da awa ɗaya, daga nan rana ta fara gudu. A watan Disamba a Bradford rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8 na safe, kafin 4 na yamma ta faɗi, in ma an gan ta ke nan, don yawanci hadari ne da yayyafi. Azahar da la'asar da magariba duk a cikin awa huɗu ake sallatar su. Ki kwatanta wannan da yarinyar da ta tashi a Jigawa, inda rana ke dukan mutum har ya roƙi inuwa. Ki gaya mata ta riga ta wuce mai wuyar. A Lahadin ƙarshe ta Maris za su mai da agogon gaba, kuma kafin Yuni sai ta ga ƙarfe 9 na dare da sauran haske a waje.

Kafin a zo maganar aiki, akwai abin da nake so ki fara yi, a yau in da hali. Ki kira ta lokacin da take ita kaɗai, ke ma ki keɓe, ba a tsakar gida ana miƙa waya hannu zuwa hannu ba. Ki tambaye ta barci: tana samu, ko cikin dare take farkawa ido ya bushe har asuba? Abinci yana shiga? Wanka da kitso da gyaran ɗaki, tana yi ko sun zame mata dutse? Akwai abin da ke sa ta dariya har yanzu? Yaushe rabonta da al'ada? Wannan ta ƙarshen kada ki tsallake ta, don ƙaramin ciki yana kawo rama da kuka da ƙin abinci, kuma mai ciki a baƙon wuri ta fi kowa buƙatar a sa mata ido. Sannan ki daure ki tambaye ta ƙarara ko ta taɓa jin gara ta mutu ta huta, ko ta yi tunanin cutar da kanta. Mutane suna tsoron wannan tambaya, suna ganin kamar za su saka wa mutum abin a rai. Ba ta sakawa. A shekarun da na yi ina aiki, sau da yawa ajiyar zuciya ce ke biyo bayanta, don an samu wanda ya yarda a faɗa masa.

Bambancin da nake so ki gane shi ne, kewa tana zuwa tana tafiya. Mai kewa za ta yi kuka da magariba, amma in aka ba ta labari mai ban dariya ta yi dariya, in ta samu abin da take marmari ta ci. In kuwa baƙin cikin ya zauna daram kusan kullum har mako 2 ko fiye, komai ya fita daga ranta, ga rashin barci, ga rama, tana ganin kanta ba ta da amfani, to an tsallaka zuwa ciwon damuwa, kuma wannan na likita ne. Ramar da kika ambata ita ta sa na ce ta je a duba ta ko ma mene ne. Na san a wajenmu da an ambaci irin wannan likita sai zuciya ta tafi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, a ce an mai da yarinya mahaukaciya. Ba haka ba ne. Likitan unguwa za ta gani, wanda suke kira GP, shi ne mai duba mura da hawan jini. Rajista kyauta ce, kuma an riga an biya mata kuɗin lafiya tun wajen neman biza, fam 776 na kowace shekara ga ɗalibi da iyalinsa. Tana da ikon ta ce likita mace take so, tana da ikon a nemo mata tafinta na Hausa ba tare da ta biya ba, don kada ya zama miji ne ke fassara mata ciwon da wani ɓangarensa ya shafe shi. Ta nemi a duba jininta saboda ƙarancin jini da maƙoƙo da bitamin D. Shi wannan bitamin daga hasken rana jiki ke samun sa, kuma hukumar lafiyarsu ta NHS tana ba masu baƙar fata da masu rufe jiki shawarar shan maikirogiram 10 kullum duk shekara. Ƙanwarki ta haɗa biyun. Akwai kuma sashen da suke kira NHS Talking Therapies, inda ake zama da mutum a yi magana, kuma ita da kanta za ta iya cike takardar neman su a intanet. In an ba ta ƙwayar magani, ta sani yana ɗaukar makonni kafin a ji aikinsa, kuma ba a yanke shi rana ɗaya. In ta amsa miki cewa tunanin mutuwa yana zuwar mata, wannan ba a kwana da shi: mijin ya sani a daren, su kira layin lafiya na 111, in abin ya yi tsanani layin gaggawa na 999. Akwai kuma Samaritans, masu sauraron wanda ke cikin ƙunci, a 116 123, kyauta, dare da rana.

Inna kuma kada ki yi musu da ita a kan jifa. Uwa ce, ta ga 'yarta ta canza, dole ta nemi dalili. Ki ce mata ta riƙe addu'a da sadaka, nata fannin ke nan, likita kuma ya yi nasa, ba kishiyoyi ba ne. Masu cewa butulci kuwa, a tuna musu da Sahabbai. Da suka yi hijira zuwa Madina zazzaɓi ya kama Sayyidina Abubakar da Bilal, shi Bilal in ya ɗan samu sauƙi sai ya ɗaga murya yana begen kwarin Makka da ciyayinsa da ruwayensa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai ce masa ya yi butulci ba. Addu'a ya yi Allah ya sa musu son Madina kamar yadda suke son Makka ko fiye. Sannan ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin baƙi da 'yan gari, kowa aka ba shi nasa. Da aka haɗa Abdurrahman ɗan Aufu da Sa'adu ɗan Rabi'u, Sa'adu ya ce zai raba dukiyarsa biyu ya ba shi rabi, shi kuwa ya yi masa addu'ar albarka ya ce a nuna masa hanyar kasuwa. Ɗan gari guda da hanyar kasuwa. Su ne abin da ƙanwarki ta rasa.

Ni gero ne ya samo mini 'yar gari. A watana na uku, na yi kwana tara ban yi magana da kowa ba sai maigida. Ran nan gishiri ya ƙare, dole ta sa na saka rigar sanyinsa na fita shagon wani Bapakistane a ƙarshen layinmu. Can ƙasan kanta na hango wani gari mai ruwan toka a leda, an rubuta bajra. Na ɗauka na kai hanci, sai ga ƙamshin ɗakin nikan garinmu. Tsayawa na yi riƙe da ledar hawaye na zuba. Tsohuwar mai shagon tana zaune kan kujera kusa da hita, ta yafito ni, ta tambaye ni da hannu da guntun Turancinta me zan yi da shi, don su gurasa suke yi. Na rasa yadda zan kwatanta mata kunu. Ita ta nuna mini tsamiya, suna ce mata imli, da dawa, suna ce mata jowar. Washegari na dama kunun tsamiya na zuba a fulas na kai mata. Ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta kwashe da dariya, ta sake kurɓa. Ita ta ja ni karatun mata a masallacinsu, kuma a wannan zaman na ji labarin aikin da na fara yi a ƙasar. Bradford kuwa cike take da irin waɗannan shaguna da masallatai da mahauta na halal. Ki ce wa ƙanwarki na aike ta ta nemo bajra, ta ɗauko hotonsa ta turo miki.

Yanzu hanyar kasuwa. Abin da yawancin matan ɗalibai ba su sani ba, a dokar ƙasar ta fi mijinta 'yancin neman kuɗi. Shi da yake kan bizar karatu awa 20 kawai aka yarje masa ya yi aiki a mako lokacin karatu, kuma an hana shi sana'ar kansa. Ita da ta shiga a matsayin matarsa tana iya yin cikakken aiki, tana iya buɗe sana'arta. Tun Janairun 2024 aka hana yawancin ɗalibai kai iyali, aka bar masu digirin bincike irin nasa da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu, don haka damar da ke hannunta ba kowa ke da ita ba. Bizar yanzu a intanet take, ba kati ba. Ta tabbata ita ke riƙe da mabuɗin shiga shafinta, da imel ɗinta da lambar wayarta, don daga nan ake ciro lambar da ake ba mai ɗaukar aiki ya ga tana da izini, kuma lambar kwana 90 take yi. Ta nemi lambar National Insurance, wato lambar harajin ma'aikaci, kyauta ce. Ta buɗe asusun banki da sunanta. Abu guda da za ta kiyaye: bizarta ba ta ba ta damar karɓar tallafin gwamnati irin su Universal Credit ko kuɗin yara ba. Ko wata ta ce mata kowa na karɓa, kada ta cike, yana iya ɓata musu takardu su biyun.

Kin ce ta nema har ta gaji. Na san irin neman: tana kwance da waya tana tura takarda wuri hamsin, ba mai ko amsawa, kowane shiru kuma ya ƙara tabbatar mata ita ba kowa ba ce. Ba iliminta suka raina ba. Abu biyu suke dubawa, ko ta taɓa aiki a ƙasar, da kuma wa zai tsaya mata a can ya ce ya san ta. Maganin wannan aikin sa kai ne, ko da yini biyu a mako, a shagunan sadaka irin na Oxfam, ko wurin rabon abinci ga mabuƙata, ko makarantar firamare ta unguwa inda ake neman masu sauraron karatun yara. Za ku ce wahalar banza, ta bar albashi a gida ta je tana aikin kyauta. Ba banza ba ce. A nan za ta samu mai tsaya mata, a nan kunnenta zai saba da Turancin mutanen yankin, wanda ko mai digiri daga nan sai ya yi wata biyu yana cewa a maimaita, kuma uwa uba ta samu dalilin yin wanka ta fita da safe. Ɗakin karatu na gari ma rajistarsa kyauta ce, akwai ɗumi, akwai kwamfuta, kuma a irin wuraren ake samun azuzuwan Turanci na baƙi da suke kira ESOL.

Da NCE ba za a ba ta aji ta riƙe kai tsaye ba, gara ta san wannan tun yanzu don kada ya zo mata a ba-zata. Ƙofar da ta fi kusa ita ce mataimakiyar malami, ko mai kula da yara lokacin cin abincin rana, ko gidan renon yara. In karatun Alƙur'aninta ya yi kyau, islamiyyun masallatai na yamma da na ƙarshen mako suna buƙatar malamai mata. Duk aikin da ya shafi yara sai an yi mata binciken tarihin laifi da suke kira DBS, kuma da yake ba ta daɗe da zuwa ba, suna iya neman takardar shaidar hali daga 'yan sandan Najeriya. Aikin kula da tsofaffi da na shara su suka fi saurin samuwa. Ban ga abin kunya a ciki ba, na yi na sharar da hannuna, amma in kula da tsofaffi ne ta faɗa tun ranar ganawa cewa mata take so a ba ta, kada ta yi shiru sai an tura ta yi wa namiji wanka. Mafi ƙarancin albashi a doka daga Afrilun 2025 zuwa Maris 2026 fam 12.21 ne a awa ga mai shekara 21 zuwa sama, kuma duk Afrilu ake sabunta shi. Wanda ya ce zai biya ta ƙasa da haka a hannu ba takarda, ko ya ce ta kawo kuɗi ya samo mata aiki, ko ta yi aiki da sunan wata, ta gudu.

A nan ne ke za ki yi mata abin da ya fi kwana kina rarrashi. Ki tattara mata takardunta: shaidar NCE da sakamakon darussa daga kwalejin da ta yi, ta WAEC ko NECO, ta rajistar malamai ta TRCN in ta yi. Ki je wajen hedimastansu ya rubuta wasiƙa a takardar makaranta mai hatimi, ya faɗi shekarun da ta koyar da ajin da ta riƙe, ya sa lambar waya da imel da zai riƙa dubawa, don suna tuntuɓa. Ki lura da rubutun sunanta ya zama iri ɗaya da na fasfo. Akwai ofishin da ake kira UK ENIC da ke auna takardun waje ya faɗi matsayinsu a tsarin can, biya ake yi, amma yana sa mai ɗaukar aiki ya san me NCE take nufi.

Sana'ar hannu ma tana ci, ɗinki da kitso da lalle da girkin suna, sai dai can komai da ƙa'idarsa. Mai sayar da abinci daga gida sai ta yi rajista da ƙaramar hukumarsu aƙalla kwana 28 kafin ta fara, ba a biyan ko kwabo. Akwai abubuwa 14 da doka ta ce a sanar da mai saye in suna cikin abinci, saboda suna iya kashe wanda jikinsa ba ya ɗauka, kuma gyaɗa da riɗi suna ciki. Ki duba ƙuli-ƙulinmu da yajinmu da kantu! Lalle ta tsaya ga ja, don baƙin nan mai haɗin rinin gashi an hana shafa shi a fata a ƙasar. Renon 'ya'yan mutane 'yan ƙasa da shekara 8 fiye da awa 2 a rana don kuɗi sai da rajistar Ofsted, hukumar da ke sa ido kan makarantu da masu renon yara. In cinikinta ya haura fam 1,000 a shekara ta sanar da hukumar haraji.

Sai mijin. Kada ke ki kira shi da faɗa, surukinki ne, zai ji an tsinka shi. A samu babba da yake jin nauyinsa, kawu ko yayansa. Shi ma a matse yake, ga karatu, ga haya da ke cinye rabin abin hannunsa, kuma wataƙila yana ganin tunda ya ciyar ya tufatar ya gama. Kada a ce masa "ka riƙa kula da ita", ba zai san me ake nufi ba. A faɗa masa abu takamaimai: ya ware mata kuɗin kashewa duk mako ba sai ta tambaya ba, ya shiga bas da ita sau biyu ya bar ta ita ta biya ita ta danna ƙararrawar sauka, ya kai ta gidan matan 'yan'uwansa ɗalibai Hausawa, don babu babbar jami'a a arewacin Ingila da za a rasa namu. Sannan ya ba ta izinin fita na dindindin zuwa wuraren da suka yarda, ba kullum sai ta bugo ta same shi a ɗakin bincike ba. Kullen garinku tsakar gida ce da mata goma da yara da awaki da mai tallar ƙosai na shigowa. Kullen can ɗaki ne da taga ɗaya da ƙarar firji. Malamin da ya ba da fatawar na farko, in ya ga na biyun, ba na jin zai kira su da suna ɗaya.

Kin ce ba ya cutar da ita, na kuma yarda. Duk da haka ki tambaye ta fasfonta yana hannun wa, ko yana duba mata waya, ko ya taɓa ce mata zai sa a kore ta daga ƙasar. In akwai irin wannan, magana ta canza. Danne mata ta wannan hanya laifi ne a dokar Ingila tun 2015 ko babu duka, kuma akwai layin taimakon mata a 0808 2000 247.

Ku na gida kuma, 'yata, ki yi haƙuri in faɗa miki, kuna cikin masu ƙara mata ciwon ba da niyya ba. Na san yadda ake yi, don a gidan maƙwabtana ina gani. Bayan isha'i a shimfiɗa tabarma, a karɓo waya daga wurin caji, Inna ta kalli fuskar 'yarta ta ce "wayyo, kin lalace", su fashe da kuka tare, a kashe. Ku ku juya ga hirarku da tuwonku, ita a bar ta da bango. Gobe a turo mata bidiyon kamun ƙawarta daga farko har ƙarshe. Jibi ɗan kawu ya turo saƙo a taimaka masa da kuɗin taki, ke da kike cin fam. Wadda ba ta da ko sisin kanta, ki auna yadda wannan saƙo ke yi mata a zuciya. Ki tare mata masu roƙo, ki ce musu ba ta fara aiki ba. Waya kuma a sa mata lokaci, sau ɗaya a yini, kuma ba da hantsi ba, don lokacin ne ya kamata a ce tana waje. Wadda jikinta ke Bradford amma yininta duka yana Taura, ba ta nan ba ta can. In kun gaisa ki riƙa yi mata tambayar da sai ta fita za ta iya amsawa: nawa albasa a can, ya sunan maƙwabciyarta, matan masallacin wace rana suke zama. Kuma ku bar mata matsayinta a gida. Kada a sayar da tumakinta, a riƙa ba ta labarinsu, a bar ta a adashi, ƙannenta su riƙa kawo mata lissafin makaranta ta duba musu ranar Asabar. Malama ce, a ci gaba da kiran ta Malama.

Maganar dawowa ban rufe ta ba. Bizarta ba ta hana ta zuwa ta koma ba, don haka a sa ranar ganin gida, ko da nan da wata takwas ne, a fara tara kuɗin jirgi, tikitin zuwa da komawa. Mai ƙirga kwana ya fi wanda bai san ranar fita ba ƙarfin zuciya. Digirin ma shekara 3 zuwa 4 ne, ba zaman har abada ba. In kuwa likita ya ga zamanta cikin dangi shi ne maslaha, ko aka gano cuta a zaman, ko ta yi duk abin da na lissafa har shekara ta zagayo abin bai sassauta ba, to ta dawo, kuma kada Baba ya bari a kira shi yaji. Na ga waɗanda suka dawo suka warke auren bai mutu ba.

Na san Inna ba za ta iya zama hannu rabbana ba, za ta so ta aika wani abu in an samu mai tafiya. A sa zare da allura da hular da aka zana ba a fara ba, a sa garin lalle, a sa takardun nan a leda mai kauri. Amma nama da duk abin da aka yi da nono ba a shiga da su ƙasar daga Najeriya, a filin jirgi za a ƙwace, wani lokacin har da tara. Man shanun da dambun naman da kilishin, ku ci abinku a nan ku ajiye mata na ranar da za ta zo.